Niƙa Kalmar Sirri, Kulle Ta, ko Danƙa Ta ga Uwar Garke: Wanne Ya Dace da Katangar Cisco ASA?

Duk wanda ya taɓa zama gaban katangar tsaro ta Cisco ASA, wato na'urar da take tace abin da yake shiga da fita daga hanyar sadarwar kwamfutocin ofis, da wayar konsol da ake haɗa ta da kwamfuta kai tsaye a hannu, ya san cewa saitin farko ba ya ɗaukar lokaci. Ana ba na'urar suna da `hostname`, a sa mata `domain-name`, a raɗa wa kowace ƙofa suna da `nameif`, a ba ta adireshi, a tashe ta da `no shutdown`, sannan a adana aikin da `write memory`. Ƙofar da aka kira inside, na'urar da kanta take ba ta matakin aminci 100, sauran kuma ta bar su a 0 har sai an canza, kuma dokarta ita ce saƙo yana iya fita daga babban mataki zuwa ƙarami, amma ba ya shiga daga ƙarami zuwa babba sai an rubuta masa izini. Agogo ma yana cikin wannan sahu, kuma bai kamata a raina shi ba, domin rahoton da lokacinsa ya karkace ba ya amfanar mai bincike ranar da aka yi kutse. Wanda yake aiki a Najeriya ko Nijar zai sa `clock timezone WAT 1`, ya kuma nuna wa na'urar inda za ta riƙa daidaita lokaci da `ntp server`. A duk waɗannan babu zaɓi mai wahala. Inda ake buƙatar dogon nazari shi ne kalmomin sirri: yadda za a adana su, da inda za a adana su, da abin da zai biyo baya ranar da kundin saitin, wato fayil ɗin da yake ɗauke da duk umarnin da aka ba na'urar, ya faɗa hannun da bai kamata ba.

Dalilin da ya sa na ɗora nauyin maganar a kan kundin saiti shi ne ba ya zama a cikin na'ura kaɗai. Ana kwafe shi zuwa kwamfutar injiniya kafin a sabunta manhaja, ana tura shi ta imel ga dillalin da ya sayar da na'urar idan matsala ta taso, ana zuba shi a filash da zai kwana a aljihun wani, wani lokaci ma har a liƙa guntunsa a intanet ana neman taimako. Katangar tana iya zama a ɗaki mai makulli biyu alhali kundinta yana yawo a gari. Saboda haka ma'aunin da zan auna kowace hanya da shi guda ne: me wanda ya saci kundin zai samu a ciki, kuma wane tsawon lokaci zai ɗauka kafin ya same shi.

Da yawa daga cikin masu kula da ASA sun fara sabawa ne da rawutocin Cisco masu manhajar IOS, don haka abin da suke fara nema shi ne umarnin `service password-encryption`. ASA ba ta da shi, kuma rashinsa ba asara ba ce. Abin da wannan umarni yake samarwa a IOS shi ne nau'i na 7 a jerin hanyoyin adana kalmar sirri da Cisco ta ba lambobi, wanda amfaninsa bai wuce kare kalma daga idon mai leƙen allo ba, domin akwai ƙananan manhajoji birjik da suke warware shi nan take. Nau'i na 5 ya dogara ne da MD5, wani tsohon lissafi na rikita kalma, nau'i na 4 kuwa Cisco da kanta ta amsa a 2013 cewa an yi kuskure wajen gina shi har ya kasa na 5 ƙarfi, daga baya aka kawo na 8 da na 9. A watan Fabrairun 2022 hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta fitar da takardar shawara a kan waɗannan nau'o'i, inda ta zaɓi na 8 domin kalmomin shiga, da na 6 domin sirrikan da dole na'ura ta iya warware su. Wannan rabuwa gida biyu ita ce tushen maganar a ASA ma, ko da yake sunayen umarnin sun sha bamban.

Sirrikan da suke cikin katanga iri biyu ne. Iri na farko shi ne kalmar da mai kula yake rubutawa domin a buɗe masa. Na'urar ba ta buƙatar sanin ainihin wannan kalma, abin da take buƙata kawai shi ne ta gane ko wadda aka rubuta yanzu ita ce wadda aka sa tun farko. Irin wannan niƙa ta ake yi da lissafi, kamar yadda ake niƙa gero: garin ba ya komawa tsaba, amma duk wanda ya kawo irin geron aka zuba a inji ɗaya, gari iri ɗaya zai fito. Iri na biyu shi ne mabuɗin da na'urar take miƙa wa wata na'ura, irin mabuɗin haɗin VPN, wato kullalliyar hanya ta cikin intanet, tsakanin hedkwata da reshe, da kalmar da take gaisawa da uwar garken tantancewa, da mabuɗan OSPF da EIGRP, tsare-tsaren da na'urori suke musayar bayanin hanyoyi da su. Wannan ba ya niƙuwa, domin dole na'urar ta fito da shi yadda yake duk lokacin da za ta yi aiki da shi. Abin da zai yiwu shi ne a kulle shi a akwati, a ajiye makullin a wani wuri dabam. Mai kula da ya ce kalmominsa a ɓoye suke, bai kuma bambanta waɗannan biyu ba, yawanci ya kare ɗaya ne ya bar ɗayan a fili.

A ɓangaren niƙa, ASA tana da tsohuwar hanya da sabuwa, kuma ana gane su da ido a cikin kundin. Layin da ya ƙare da kalmar `encrypted` bayan haruffa 16 tsohuwar hanya ce ta MD5 da aka gado daga katangar PIX, wadda ASA ta maye gurbinta tun daga 2005. Rauninta biyu ne. Na farko, zagaye ɗaya kacal ake yi wajen niƙan, don haka kwamfuta mai katin sarrafa hoto tana gwada kalmomi masu ɗimbin yawa a daƙiƙa guda, kuma sanannun manhajojin fasa kalmar sirri irin su Hashcat da John the Ripper sun daɗe da sanin wannan tsari. Na biyu, kalmar `enable`, wadda ake hawa babban matakin iko a na'urar da ita, ba ta da gishiri, wato ba a haɗa ta da wasu haruffa na kan-mai-uwa-da-wabi kafin a niƙa ta, saboda haka kalma ɗaya gari ɗaya take bayarwa a kowace na'ura a duniya. Shi ya sa tsofaffin hannu suke gane `8Ry2YjIyt7RRXU24` da kallo ɗaya a matsayin kalmar da aka bari fanko, su kuma gane `2KFQnbNIdI.2KYOU` a matsayin kalmar cisco. Ga asusun masu amfani kuwa, ɗan gishirin da ake sawa ana ɗauko shi ne daga farkon sunan mai asusun, kuma sunan yana rubuce a layi ɗaya da garin.

Sabuwar hanyar ita ce PBKDF2. Layinta yana farawa da `$sha512$5000$`, ya ƙare da kalmar `pbkdf2`, ma'ana ana haɗa kalmar da gishirinta na kanta, a niƙa da SHA-512 har zagaye 5000. Ta fara shigowa a sigar 9.6, lokacin da aka ƙara tsawon kalmar sirri zuwa haruffa 127, amma a wannan siga kalmomin da suka wuce haruffa 32 ne kawai suke samun ta. Daga sigar 9.7 ne ta zama ƙa'ida ga duk sabuwar kalmar `enable` da ta `username`, komai gajartarta. Tsakanin waɗannan biyu babu wata gardama, PBKDF2 ta fi ta kowace fuska, kuma ba ta ƙara wa mai kula wani aiki. Sai dai kada zagaye 5000 ya ruɗi kowa. A ma'aunin yau, inda ake ba masu gina manhaja shawarar zagaye dubu ɗari biyu da ɗoriya ga irin wannan lissafi, adadin matsakaici ne, kuma kalma gajera irin sunan kamfani da shekara za ta faɗi ko da an niƙa ta da sabuwar hanya. Abin da PBKDF2 take yi shi ne ta tsawaita wa ɓarawo hanya, tsawon kalmar kuma shi ne yake mayar da hanyar wadda ba ta ƙarewa. Jimla mai kalmomi biyar ko shida marasa alaƙa da juna ta fi haruffa takwas masu cike da alamomi, kuma ta fi sauƙin riƙewa a ka.

Akwai tarko biyu a nan da nake ganin sun cancanci a tsaya a kansu. Sabunta manhaja ba ya sauya tsofaffin kalmomi zuwa sabuwar hanya, kuma ba zai iya ba, tun da na'urar ba ta san ainihin kalmar ba balle ta sake niƙa ta. Katangar da aka ɗaga daga 9.1 zuwa 9.14 tana iya ci gaba da ɗauke da garin MD5 na shekaru goma da suka wuce, har sai wani ya zauna ya sake shigar da kowace kalma da hannunsa. Duba wannan bai wuce minti ɗaya ba: a rubuta `show running-config username` da `show running-config enable`, a karanta ƙarshen kowane layi. Tarko na biyu yana fuskantar baya. Sigogin da suka gabaci 9.6 ba su san PBKDF2 ba, saboda haka wanda ya sauko da manhaja zuwa 9.5 ko ƙasa da haka zai tarar layukan `username` sun zube, kalmar `enable` kuma ta koma fanko. Idan katangar tana wani gari, kuma SSH, wato kullalliyar hanyar shiga na'ura daga nesa, ne kaɗai hanyar isa gare ta, wannan na nufin tafiya da wayar konsol.

Wannan batu yana shafar saye ma, musamman ga masu duba na'urorin gwanjo saboda tsadar sababbi. ASA 5505 ta tsaya ne a sigar 9.2, su 5510 da 5520 kuma sun tsaya a 9.1, don haka babu dabarar da za ta ba su PBKDF2. ASA 5506-X ta kai 9.16, ta samu sabuwar hanyar niƙa, ta kuma samu gyaran 9.12 da ya tilasta a sauya kalmar `enable` ta fanko a shigar farko, amma ba ta kai 9.17 ba, inda aka ɗaga mafi ƙarancin tsawon kalma zuwa haruffa 8. Tsohuwar 5505 tana da kyau ga ɗalibin da yake koyon umarni a ɗakinsa, amma ba zan ba kowa shawarar ya jingina kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya a bayanta ba, kuma raunin niƙan ma shi ne ƙaramin dalili, babban shi ne an daina fitar mata da gyaran tsaro.

Yanzu sai iri na biyu, sirrikan da ba sa niƙuwa, kuma a nan ne ido yake yaudarar mutane. Idan aka rubuta `show running-config`, mabuɗin VPN yana fitowa a matsayin taurari, sai mai kula ya ɗauka a ɓoye yake. Taurarin labule ne kawai. Umarnin `more system:running-config` yana nuna mabuɗan a fili, haka kuma kundin da aka kwafe zuwa waje yana ɗauke da su yadda aka rubuta su. Maganin da Cisco ta kawo tun sigar 8.3 shi ne babbar jimlar sirri. Ana sa ta da `key config-key password-encryption`, tsawonta daga haruffa 8 zuwa 128, a kunna kullewar da `password encryption aes`, sannan a yi `write memory`. Daga nan mabuɗan VPN, da na uwayen garken tantancewa, da na OSPF da EIGRP, da na tagwayen katanga da ɗaya take karɓar aiki idan ɗayar ta faɗi, duk za su bayyana a kundin da lamba 8 a gabansu, a kulle da lissafin kulle bayanai na AES. Ita jimlar ba ta shiga kundin. Ya fi kyau a rubuta umarnin shi kaɗai a bar na'urar ta tambayi jimlar, domin idan aka rubuta ta a layi ɗaya da umarnin za ta zauna a tarihin umarnin da aka shigar. Ana duba ko kullewar tana aiki da `show password encryption`.

To me ya sa ba kowa yake kunna ta ba? Domin tana da farashi, kuma gaskiya ne a faɗe shi. Kundin da aka kulle mabuɗansa ba ya aiki a wata na'ura sai an fara sa mata jimla iri ɗaya. Ranar da katanga ta ƙone, wanda ba baƙon abu ba ne inda wutar lantarki take zuwa da ƙarfin da ya wuce kima ko take yawan ɗaukewa, za a kawo sabuwa a zuba mata kwafin ajiya, kuma idan wanda ya san jimlar ya bar aiki ko ya manta, duk haɗin VPN zai ƙi tashi har sai an tuntuɓi kowane reshe da kowane abokin hulɗa an sake yarjejeniya a kan sabon mabuɗi. Sauya jimlar ko cire ta yana buƙatar a san tsohuwar. Wanda ya rasa ta, hanyar da ta rage masa ita ce `write erase` da sake kunna na'ura, wato share saiti gaba ɗaya. Haka kuma inda ake da tagwayen katanga, na'urar ba za ta yarda a sauya jimlar ba sai an sa mabuɗin da yake kare hirar da ke tsakaninsu, domin kada jimlar ta bi waya a fili. Sannan kariyarta ta tsaya ga kundi: wanda ya mallake na'urar kanta ya wuce inda wannan akwati yake tsaro.

Da aka ɗora waɗannan a sikeli, ni dai ina ganin kunna ta ya fi barin ta a kusan kowane hali. Haɗarin mantuwa yana da magani mai araha, wato a rubuta jimlar a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe na ofis inda mutum biyu masu alhaki suka sani, kuma kada a ajiye ta a jaka ɗaya da kwafin kundin. Haɗarin barin mabuɗai a fili kuwa ba shi da magani bayan aukuwa, domin ba a ma sanin ranar da aka kwafe su. Wurin da kawai zan yarda a bar ta shi ne katangar da ba ta da VPN, ba ta magana da wata uwar garken tantancewa, ba ta kuma musayar hanyoyi da wata na'ura, domin irin wannan ba ta da abin sawa a akwatin.

Zaɓi na uku ya fi sauran girma, domin ya shafi inda asusun masu kula zai zauna: a cikin katangar, ko a wata uwar garke ta tsakiya. Asusun cikin gida shi ne mafi sauƙi. A rubuta `username` da kalmarsa da `privilege 15` ga kowane mai kula, a samar da mabuɗin na'ura da `crypto key generate rsa modulus 2048`, a faɗi adireshin da aka yarda su shigo da umarnin `ssh`, a ɗaure shi da `aaa authentication ssh console LOCAL`. Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, ba ya cikin lissafi, domin yana ɗaukar kalmar sirri a fili a kan waya, ASA ma ba ta yarda da shi ta ƙofa mafi ƙarancin aminci sai ta cikin VPN. Ƙofar konsol tana buƙatar kulawa ta musamman, domin a saitin asali ba ta tambayar kowa suna, kuma ba ta rufe kanta idan aka tashi aka bar ta. Umarnin `aaa authentication serial console LOCAL` da `console timeout` su ne suke toshe wannan. Idan aka ƙara `aaa authentication enable console LOCAL`, kowane mai kula zai hau babban mataki da kalmarsa ta kansa, a huta da kalmar `enable` guda da kowa ya sani, wadda ba a iya gane wanda ya yi amfani da ita. Ga ofis mai katanga ɗaya ko biyu da masu kula biyu ko uku, wannan ya wadatar, kuma ba ya dogara da komai a waje.

Matsalarsa tana bayyana ne idan na'urori suka yi yawa. Ma'aikaci ɗaya ya bar aiki, sai a bi katanga ashirin ɗaya bayan ɗaya ana share sunansa, kuma wadda aka manta ita ce ƙofar da ta rage a buɗe. Uwar garke ta tsakiya tana warware wannan da rufe asusu ɗaya a wuri ɗaya, tana kuma fitar da garin kalmomin masu kula daga kundin katangar, sannan tana ba da damar ƙara shaida ta biyu, irin lambar da take zuwa a waya. Bayan gargaɗin da Talos, sashen binciken tsaro na Cisco, ya fitar a watan Afrilun 2024 game da yawaitar hare-haren gwada kalmomi a kan ƙofofin VPN da SSH, wannan shaida ta biyu ta daina zama ado.

A nan ma akwai hanya biyu da katanga take magana da uwar garken, RADIUS da TACACS+. RADIUS tsari ne na kowa, an rubuta shi a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 2865 a shekarar 2000, yana tafiya a kan UDP, kuma samun uwar garkensa ba wuya, tun da akwai FreeRADIUS kyauta, akwai kuma NPS a cikin Windows Server. Kalmar sirri kaɗai yake ɓoyewa a cikin saƙo, sunan mai shiga da sauran bayanai suna tafiya a fili, kuma a watan Yulin 2024 masu bincike sun bayyana harin da aka kira Blast-RADIUS, wanda yake amfani da raunin MD5 ya ƙirƙiri amsar amincewa ta bogi ga wanda ya samu zama a tsakanin na'ura da uwar garke. Wani ƙaramin abu da yake ɓata wa mutane yini shi ne ASA tana neman RADIUS a tsofaffin tashoshi 1645 da 1646, alhali yawancin uwayen garke na yau suna sauraro a 1812 da 1813, sai an gyara da `authentication-port` da `accounting-port`. TACACS+ kuwa daga Cisco ya fito, yana tafiya a kan TCP a tasha ta 49, yana rufe jikin saƙon gaba ɗaya, ko da yake RFC 8907 na 2020 ya faɗa ƙarara cewa wannan rufi bai kai a kira shi kullewa mai ƙarfi ba. Fifikonsa na gaske yana wani wuri: yana iya tantance kowane umarni ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙaramin ma'aikaci ya duba amma kada ya canza, yana kuma rubuta wanda ya shigar da wane umarni a wane lokaci, abin da ASA ba ta yi ta hanyar RADIUS. Banki ko hukumar da masu binciken ƙa'ida suke tambayar wa ya canza wannan doka a daren Talata, TACACS+ ne zai ba ta amsa. Farashinsa shi ne a ISE, manhajar uwar garken tantancewa ta Cisco, yana buƙatar lasisi na dabam, manhajojinsa na kyauta kuma suna son hannun da ya ƙware. Ga shigar ma'aikata ta VPN, RADIUS ne ya dace; ga masu riƙe da ragamar katangar, TACACS+ ya fi. Ko wanne aka ɗauka, zirga-zirgarsa ta bi keɓaɓɓiyar hanyar gudanarwa ko ta cikin VPN, kada ta bi inda kowa yake bi.

Sai dai komawa ga uwar garke ba ya sauke nauyin zaɓi biyun farko, ƙara shi ma yake yi. Katangar tana buƙatar mabuɗin da za ta gaisa da uwar garken, kuma wannan mabuɗi yana cikin iri na biyu, saboda haka ba tare da babbar jimlar sirri ba a fili zai zauna a kundin. Sannan dole a bar asusun cikin gida aƙalla ɗaya domin ranar da hanya ta yanke, ta hanyar rubuta sunan rukunin uwayen garken a bi shi da `LOCAL` a ƙarshen umarnin `aaa authentication`. Ya kamata a fahimci yadda wannan yake aiki: na'urar tana komawa asusun cikin gida ne kawai idan uwar garken ba ta amsa ba, ba idan ta amsa ta ce ba ta yarda ba. Ga reshen da layinsa zuwa hedkwata yake yawan yankewa, wannan asusu ba na ko-ta-kwana ba ne kawai, ana shiga da shi sau da yawa, don haka ya cancanci doguwar jimla da PBKDF2, da kuma `aaa local authentication attempts max-fail` domin a taƙaita yawan gwaji. Asusun da aka buɗe shekaru biyar da suka wuce da kalma mai sauƙi, aka manta da shi saboda kowa yana shiga ta TACACS+, shi ne zai tashi aiki a daidai lokacin da ba mai kallo.

Akwai kuma shiga SSH da mabuɗi maimakon kalma, wanda ASA take karɓa ta `ssh authentication publickey` a ƙarƙashin sifofin mai asusu. Abin da yake zama a kundin a wannan hali rabin mabuɗin ne na bainar jama'a, wanda satarsa ba ta buɗe komai. Ga ƙaramin ofis da ba shi da halin uwar garke, wannan ƙari ne mai kyau, muddin rabin sirrin da yake kwamfutar mai kula yana da tasa kalmar.

Abu na ƙarshe da yake buƙatar hukunci shi ne dawo da kalmar sirri idan an manta. A saitin asali, wanda ya samu wayar konsol da damar kashe na'ura ya kunna yana iya tsayar da ita a ROMMON, ƙaramar manhajar da take fara tashi kafin babbar, ya sauya rajistar saiti zuwa 0x41, ta tashi ba tare da karanta kundin ba, daga nan ya ɗora kundin ya sa kalmar da ya ga dama. Umarnin `no service password-recovery` yana rufe wannan hanya, ta yadda duk mai son shiga ROMMON sai ya yarda a share ma'ajiyar na'urar gaba ɗaya, har da manhajar da take kai. Katangar da take ɗakin kwamfutoci mai gadi da rajistar masu shiga ba ta buƙatar wannan tsauri, kuma sa shi yana iya mayar da ƙaramar mantuwa babbar asara. Wadda take reshe, a saman kabad a ofishin da baƙi suke shiga, ko a ginin da ake haya tare da wasu, ita ce ta cancance shi, da sharaɗin akwai kwafin kundi na kwanan nan, da kwafin manhajar, da ambulan ɗin babbar jimlar sirri a hedkwata. Kafin a sa wannan umarni, da ma kafin a rufe tagar konsol bayan kowane canji na `aaa`, a buɗe wata tagar SSH dabam a tabbatar ana iya shiga a kuma hau babban mataki, sannan a yi `write memory`. Idan akwai na'urar ajiya iri ɗaya, a ɗauki yini guda a sa mata jimlar da take cikin ambulan, a zuba mata kwafin kundin, a ga ko mabuɗan VPN sun buɗe.